Filasta mai hana ruwa shiga ciwo: wacce ta cancanci kuɗinka, kuma me ke sa ta ɓallewa

Wanda aka yi wa ɗinki, ko matar da aka yi wa aiki aka ciro jariri, da an ce an sallame su tambayar farko ta wanka ce. Amsar da aka saba bayarwa ita ce kada ruwa ya taɓa wurin. Daga nan sai dabaru su tashi: wani ya naɗe bandejin da baƙar leda ya ɗaure da roba, wani ya yi mako guda yana goge jiki da jiƙaƙƙen tsumma a tsakiyar zafin Afrilu. Don wannan matsalar aka yi filasta mai hana ruwa shiga, kuma hukuncina a kanta shi ne tana aikinta sarai, muddin an sa ta a kan irin ciwon da ya dace da ita, an kuma manna ta yadda ya kamata. Yawancin ƙorafin da ake yi cewa ba ta kamawa, ko ruwa ya shiga duk da ita, in ka bi diddigi a wajen mannawa aka samu kuskure.

Jikinta siririyar roba ce garai-garai da ake kira foliyuretan, an shafe gefe ɗaya da gam. Abin da ya raba ta da ledar kasuwa shi ne tana numfashi: tururin gumi yana fita ta jikinta, iska tana shiga, amma ruwa da ƙwayoyin cuta ba sa ratsa ta. Ledar kasuwa kuwa tana tara gumi ne har bandejin da ke ƙarƙashi ya jiƙe sharkaf, wato abin da ake gudu daga waje sai a same shi daga ciki. Akwai kuma amfani na biyu da mutane ba su cika yarda da shi ba, saboda mun taso da cewa ciwo sai ya sha iska ya bushe yake warkewa. A shekarar 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya gwada a jikin aladu, ya ga ƙananan raunukan da aka rufe da roba suka zauna da ɗan danshi, sabuwar fata ta rufe su da saurin da ya kai kusan ninki biyu na waɗanda aka bari a buɗe suka yi ɓawo. Sabuwar fata tana yaɗuwa ne a kan danshi; in akwai busasshen ɓawo sai ta bi ta ƙarƙashinsa, aikin ya daɗe. A kan wannan binciken aka gina duk waɗannan filastoci.

Ire-irensu a kemis

Iri huɗu za ka fi cin karo da su, kuma ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Akwai roba zalla, babu auduga a tsakiya, irin Tegaderm Film da Opsite Flexigrid. Ita ce ake mannawa a kan allurar ƙarin ruwa a bayan hannu. Kana ganin ciwon ta cikinta ba sai ka buɗe ba, kuma tana bin jiki lif. Aibin da take da shi ɗaya ne, amma babba: ba ta shan komai. Ciwon da yake ɗan tsatsafo da ruwa, cikin kwana ɗaya ruwan zai taru a ƙarƙashinta, ya nemi hanya ta gefe. Ta fi dacewa da ƙujewa marar zurfi, ko ɗinkin da ya riga ya kama ya bushe.

Sai mai auduga a tsakiya, roba ta zagaye ta ta ko'ina: Tegaderm +Pad, Opsite Post-Op, Leukomed T plus, Mepore Film & Pad. In mutum zai sayi iri ɗaya kawai ya ajiye a gida, wannan nake ba da shawara. Audugar tana shanye ɗan jini da ruwan ciwo na kwanakin farko, fuskarta ba ta manne wa ɗinki, zare kuma ba ya maƙalewa a gam. Tsakanin manyan sunayen nan bambancin bai taka kara ya karya ba. Tegaderm tana zuwa da takarda mai tauri a kewayen bayanta wadda ke riƙe robar a miƙe har ka gama mannawa, abin da yake taimakon mai yi wa kansa da hannu ɗaya. Opsite tana da wani samfuri, Post-Op Visible, wanda aka huda soson tsakiyarsa raga-raga don a riƙa hango ɗinkin ba tare da an cire ba. Yana da amfani bayan babban aiki, amma tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin yanka.

Na uku su ne ƙananan filastocin yanka, irin Nexcare Waterproof da Hansaplast Aqua Protect. A nan abu ɗaya za ka duba kafin ka biya: shin gam ya zagaye audugar ta dukkan ɓangarori huɗu? Filastar da muka saba da ita, mai ruwan ƙasa, audugarta ta kai baki da baki, sama da ƙasa a buɗe suke, don haka ko da bayanta roba ne ruwa ta gefe yake shiga. Kwali da yawa an rubuta musu cewa suna jure ruwa alhali irin wannan tsarin ne da su. Ɗaga ɗaya ka haska ta a rana, za ka gani.

Na huɗu ita ce mai kauri, mai launin zuma ko ruwan ƙasa, da ake kira haidirokoloyid, irin DuoDERM da Compeed. Tana da kyau ga bororon da takalmi ya yi da ƙaramin gyambo mai tsabta. Abin da ya kamata mai amfani da ita ya sani shi ne in ta sha ruwan ciwo tana kumbura ta yi fari a tsakiya, in an cire kuma a tarar da wani abu mai yauƙi rawaya-rawaya, har da ɗan wari. Mutane suna firgita su ɗauka mugunya ce. A wanke wurin tukuna a duba: in ciwon ja ne mai kyau, babu kumburi babu ƙarin zogi, narkakken jikin filastar ne kawai.

Akwai kuma robar da ake sayarwa a naɗe, irin Opsite Flexifix mai faɗin santimita 5 ko 10 da tsawon mita 10. Tana da arha idan aka yi lissafin mita, kuma ga mai doguwar jinya ita ce mafita. Sai dai ba a kashe mata ƙwayoyin cuta ba, saboda haka ba a ɗora ta kai tsaye a kan buɗaɗɗen ciwo. A fara sa goz mai tsabta daga cikin ledarsa, sannan a rufe da ita.

Girma: inda ake fara yin asara

Lambar da ke jikin kwali girman filastar ce gaba ɗaya, har da gefen gam, audugar kuwa ta fi haka ƙanƙanta sosai. A Tegaderm +Pad, mai santimita 5 da 7 audugarta 2.5 da 4 ce kawai. Mai 9 da 15 audugarta 4.5 da 10. Mai 9 da 25 audugarta 4.5 da 20. Yankan da ake yi wa mai haihuwa a ƙasan mara yakan kai santimita 10 zuwa 20, to wanda ya je ya sayo mai 15 don ya auna ɗinkin ya ga 15 ne, ya sayo wadda gam ɗinta zai hau kan zare ta kowane ƙarshe. Ƙa'idar ita ce auduga ta rufe ciwon duka har da ɗan rara, filastar kuma ta wuce bakin ciwon ta hau lafiyayyar fata aƙalla santimita 2.5 ta kowane gefe. In kana shakka tsakanin girma biyu, ɗauki babbar. Kada kuma a yanke mai auduga da almakashi don a rage ta ko a raba biyu, domin gefen da aka yanke ya zama ƙofar ruwa.

Mannawa

Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai faci yana aiki ya san rabin wannan darasin: sai ya goge wurin, ya tabbata ya bushe ƙarau, sannan ya ɗora facin ya danne shi da kyau. Gam ɗin filasta ma haka yake, ba ya shiri da danshi, ba ya shiri da maiƙo.

A fara da wanke hannu da sabulu. A wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, ko ruwan da aka tafasa ya huce. Mai son haɗa na gida, giram 9 na gishiri ne a lita ɗaya ta ruwa, kusan ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Kada a zuba sifirit ko ruwan nan mai kumfa da ake kira haidirojin a cikin ciwon da ya fara warkewa, suna ƙona sabon naman da ke tasowa. Shuɗin maganin nan da ake kira jibi (GV) kuma yana rina wurin ya ɓoye duk alamar da za a so a gani daga baya.

Sai fatar da ke kewaye, inda gam zai zauna. Nan ne mu muke da matsala ta musamman, domin kusan kowa yana shafa mai, musamman lokacin hunturu: basilin, man kaɗanya, man zaitun, ko hoda a lokacin zafi. Ko jiya aka shafa, saura yana nan. A wanke kewayen da sabulu marar maiƙo, a ɗauraye sosai, a tsane da goz ko tawul mai tsabta, sannan a jira minti biyu zuwa uku iska ta ƙarasa busar da shi. In an shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta irin aidin ko kilohezidin a kewayen, dole a bari ya bushe sarai, don in aka rufe shi da danshinsa yana cin fata har ya yi kama da ƙuna. Man shafawa na ciwo, in likita ya rubuta, ɗan kaɗan a kan ciwon kawai, kada ya malalo inda gam zai hau.

Gashi a rage shi da almakashi ko injin aski. Ban da reza, domin tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, kuma a ƙarƙashin roba su ne suke zama ƙuraje.

Yanzu a ɓare takardar da ke rufe da gam, a riƙe filastar ta baki-baki kada yatsa ya taɓa audugar. A daidaita tsakiyarta a kan ciwon, a sauke ta, a shafa daga tsakiya zuwa waje. Abu mafi muhimmanci a nan: kada a ja ta. Robar tana miƙewa, kuma hannu yana son ya ja ta don ta yi santsi, amma duk abin da aka ja zai yi ta ƙoƙarin komawa yadda yake, yana jan saman fata tare da shi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ga bororo ya fito a jere a ƙarshen filastar, nesa da ciwon, a ce ai gam ɗin ne bai karɓi mutum ba, alhali ja ne ya jawo. Wurin da ake sa ran zai kumbura bayan aiki, kamar gwiwa, ya fi ko'ina saurin yin haka.

Daga nan a cire takardar baya a hankali ana bi ana danne bakin da yatsa. A ƙarshe a ɗora tafin hannu a kai a danne na rabin minti zuwa minti ɗaya. Irin wannan gam da dannawa da ɗumin jiki yake kamawa, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa bayan an manna, shi ya sa ya fi kyau a sa ta bayan wanka, ko a bari awa ɗaya ta wuce kafin ruwa ya taɓa ta. Wanda ya manna ya faɗa banɗaki nan take, kada ya ga laifin kowa.

A bi bakin da ido a zagaye. Duk inda robar ta tattare ta yi ɗan lanƙwasa har zuwa baki, wannan hanyar ruwa ce, ko da ba ta fi kaurin zare ba. A matse ta da yatsu biyu ta haɗe, ko a ɗora wani ɗan yanki na roba a kai. In kuma robar ta naɗe ta manne da kanta kafin ta kai jiki, a haƙura da ita a ɗauko wata, ba ta warwaruwa. Wannan shi ne babban aibin masu sirantaka sosai, kuma dalilin da ya sa nake cewa sabon shiga ya sayi biyu ko da ɗaya yake buƙata.

A gwiwa da gwiwar hannu, a ɗan lanƙwasa gaɓar rabi kafin a manna. In aka manna a miƙe za ta ɗaɗe in an durƙusa, in aka manna a lanƙwashe gaba ɗaya za ta tattare in an miƙe. Mai yanko ta daga naɗi ya zagaye kusurwoyin da almakashi, domin kusurwa mai tsini ita tufafi suke fara kamawa. A yatsa kuwa, gaskiya babu wadda take daɗewa ga mai wanke-wanke ko mai alwala sau biyar. A ɗauka kullum za a canza, kuma kada a zagaye yatsan da ita a matse.

Wanka, gumi da alwala

Hukumar NICE ta Birtaniya, mai fitar da ƙa'idojin jinya, ta ce wanda aka yi wa aiki zai iya wanka bayan awa 48. Amma da ruwan famfon da aka tace suke magana. Mai wanka da ruwan rijiya ko na 'yan garuwa yana da dalilin ci gaba da rufe ɗinkinsa har ya kama sosai, kuma a nan ne filastar take biyan kuɗinta. Abin da take jurewa shi ne zuba ruwa da kofi ko shawa na 'yan mintuna. Jiƙa wurin cikin baho, iyo a kududdufi, ko yini a cikin ruwan fadama, wannan ya fi ƙarfinta, kuma sabon ɗinki bai kamata ya je can ba tun farko. Kada soso ya bi ta kanta, kada a goge ta da tawul. A dafa a tsane.

Ruwan zafi yana sassauta gam. Wankan jego da tafasasshen ruwa ana fyaɗa ganye ba zai bar filasta a ƙasan mara ba, kuma ɗinkin kansa ba ya son wannan dukan. Matar da aka yi wa aiki ta yi da ruwa mai ɗumi kawai, a kauce wa wurin. Wajen mannawa a ɗan ɗaga tumbin sama da hannu don fatar ta miƙe, a busar da lungun nan da kyau domin gumi a can yake taruwa. Wasu likitocin suna cire abin da aka rufe ɗinkin da shi bayan kwana ɗaya ko biyu su ce a bar shi a buɗe. In haka nata likitan ya ce, maganarsa za a bi.

Kamfanonin suna rubuta cewa tana iya kai kwana bakwai a jiki. A ɗaki mai sanyi haka ne. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi yana fita fiye da yadda robar za ta iya fitar da tururinsa, don haka mai aikin ƙarfi ko mai yawo a rana ya sa ran kwana biyu zuwa uku. Ranar canzawa jikin filastar ne yake faɗa: in baki ya ɗaga, in ruwa ya shiga, in jiƙewar audugar ta kusa kai gefenta, ko in fatar kewaye ta yi fari ta yi laushi ta yamutse, lokaci ya yi. Filastar da ruwa ya shiga aka bar ta a haka ta fi rashin filasta illa, tunda yanzu ita ce ke tsare ƙazamin ruwan a kan ciwon.

Game da alwala da wankan tsarki, malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi idan wankewa zai cutar. Wannan filastar ta sauƙaƙa hakan ƙwarai, domin jiƙaƙƙen hannu ba ya yi mata komai. Abin lura kawai shi ne a gaɓoɓin alwala kada a rufe lafiyayyar fata fiye da yadda buƙata ta sa, kuma da ciwo ya warke a cire.

Cirewa da abin da yake biyo baya

Ba a fizge ta, ba a kuma ɗaga ta sama. A ɗan ɓanɓaro kusurwa ɗaya, a dafe fatar da ɗaya hannun, sannan a ja robar a kwance, daidai da shimfiɗar fata, tana miƙewa gam yana saki da kansa. A saki, a sake kamawa kusa da jiki, a sake ja. A bi tsawon ɗinkin, kada a ja ta gicciye yadda zai buɗe bakinsa. Fatar tsofaffi, ta jarirai, da ta masu shafa man bilicin ko shan maganin sitiroyid na dogon lokaci siririya ce, gam mai ƙarfi yana iya tafiya da samanta. Ga irin waɗannan a nemi mai gam ɗin silikon, irin Mepitel Film ko Mepilex Border. Sun fi tsada kuma ba kowane kemis ke da su ba, amma suna fita ba tare da sun ɗaye fata ba.

In bayan cirewa aka ga ƙuraje da ƙaiƙayi sun zana siffar filastar daidai, kusurwa huɗu cif, wannan kam jikin ne bai karɓi gam ɗin ba. A canza iri, kada a maimaita, domin a baƙar fata irin wannan yakan bar baƙin tabo mai siffar akwati da zai yi watanni bai goge ba.

Littattafan jinya suna cewa a lura da jan da ke yaɗuwa a kewayen ciwo. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya kumbura. Hannu ya fi ido gane shi: a dafa da bayan yatsu a kwatanta da ɗaya gefen jiki, a ji ko ya fi zafi ko ya yi tauri. Zogin da ke ƙaruwa bayan kwana na biyu ko na uku maimakon raguwa, mugunya, wari, ko zazzaɓin da ya kai digiri 38, duk suna nufin a cire filastar a tafi asibiti ranar, ba a sake manna sabuwa ba.

Akwai raunukan da tun farko ba nata ba ne. Ciwon da ya riga ya yi mugunya, marurun da aka tsaga, da gyambo mai zubar da ruwa da yawa, rufe su ruf yana ƙara musu. Sukar ƙusa ko ƙaya mai zurfi tana buƙatar wanki da allurar tetanus. Cizon kare a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti don allurar haukan kare. Ƙuna mai zurfi ko mai faɗi aikin asibiti ce. Mai ciwon suga da ya samu ciwo a ƙafa kada ya rufe ya zauna a gida, ko da ba ya jin zafi, domin rashin jin zafin ma daga cutar yake. Cibiyar jariri kuma ba a rufe ta da komai. Man kilohezidin da ake bayarwa a asibiti ake shafawa a bar ta ta bushe.

Wajen saye, kowace ɗaya ta zo a cikin takardarta a rufe, da ranar ƙarewar aiki da lambar rukuni a jiki. Wadda takardarta ta huje ko ta jiƙe ta tashi daga mai tsabta. A duba lambar rajistar NAFDAC a kwalin. Sashen kayan asibiti na kamfanin 3M, wanda yake yin Tegaderm, ya zama kamfani mai zaman kansa mai suna Solventum a 2024, saboda haka ganin wannan sunan a kwalin Tegaderm ba alamar jabu ba ce. Marasa suna masu arha da suka cika kasuwa, wasu suna aiki daidai gwargwado, wasu robarsu kauri gare ta ba ta numfashi, wasu gam ɗinsu yana narkewa ya bar danƙo a jiki. A gwada ɗaya a lafiyayyar fatar damtse ta kwana, a yi wanka da ita, kafin a amince mata da ɗinki. Wadda ta daɗe a rana a kan tebur, ko a aljihun mota, gam ɗinta ya riga ya lalace ko da kwanan watanta bai cika ba, don haka a gida a ajiye ta cikin durowa a ɗaki mai inuwa.